Swindon, Garin XTC: Daga Shataletale Biyar Zuwa Dokin Alli

Daga Kano na bi mota zuwa Abuja, na kwana a gidan wani abokina a Kubwa, washegari da safe jirgi ya ɗaga da mu zuwa Landan. Tafiyar sa'a shida ce da 'yan kai, ba abin da ya faru a cikinta sai barci da shan shayi. Bikin kammala karatun ƙanina ne ya kai ni Ingila a watan Yulin 2024, kuma shi na faɗa wa jami'ar shige da fice a Heathrow. Ta duba takardar gayyata, ta tambayi ranar komawata da inda zan sauka, sannan ta ce ko akwai wani gari da zan leƙa bayan Landan. Na ce Swindon. Ta ɗago kai ta ce me ake zuwa yi a Swindon? Na ce garin XTC ne. Sunan wannan ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila bai tuna mata komai ba, ta buga hatimi ta miƙo min fasfo.

Sana'ata haɗa sauti a situdiyo. Lokacin da nake koyon aiki a wani gidan rediyo, an sa mu share ɗakin ajiyar tsofaffin fayafayai, a nan na tsinci wani mai bango ja da shuɗi da rawaya, faifan XTC ne, an rubuta Drums and Wires, 1979. Na ɗora shi a kan garmaho don in ji ko ya lalace. Gangar da ta buɗe waƙar farko ta tsayar da ni cak. Mai kiɗan ya juya tsarin da kowa ya saba da shi, bugun da ake yi a sama ya mayar da shi kan babbar ganga, sautin kuma ya cika ɗaki kamar a cikin kogon dutse aka ɗauke shi. Daga baya na gano Steve Lillywhite da Hugh Padgham ne suka ɗauki aikin a situdiyon Townhouse na Landan, kuma irin wannan sautin ganga ne Padgham ya ci gaba da gogewa har ya zama tambarin waƙoƙin Phil Collins. Duniya ta san Collins. Terry Chambers, wanda ya buga waccan ganga, sai masu bin diddigi.

Da aka gama biki na ce wa ƙanina zan tafi. Ya ce, "Yaya, mutane na zuwa Manchester, suna zuwa Liverpool, kai Swindon? Turawan nan da kansu dariya suke yi wa garin." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan dariyar tana cikin abin da ya danne ƙungiyar tun farko. Ya sayo min tikiti ta intanet tun kwana biyu kafin tafiya, ya kama kusan fam talatin zuwa kawai. Da a tasha na saya ranar tafiya, da kuɗin ya haura haka nesa ba kusa ba.

Daga Paddington jirgin ƙasa ya yi kamar sa'a ɗaya, ya tsaya Reading da Didcot, sai ga mu a Swindon. Na tsaya a bakin tasha ina dube-dube ko zan ga hoto ko allo da ke nuna cewa nan ne garin Andy Partridge da Colin Moulding, marubuta waƙoƙin XTC. Ban gani ba. Gine-ginen ofis ne masu launin toka, da motocin haya a jere, da iska mai sanyi duk da cewa bazararsu ce.

Masaukina wani gida ne da wata dattijuwa ke haya da ɗakunansa na sama, fam sittin a dare har da karin kumallo. Ɗakin ƙarami ne, gado da kujera da butar dafa shayi, amma tsaf. Na gaya mata ba na cin naman alade, ta ce ba komai, da safe ta soya min ƙwai da wake da tumatir da gasasshen burodi. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ajiye faranti ta zauna. Ta ce ita ma a Penhill ta tashi, unguwar gidajen gwamnati da ke arewacin gari inda Partridge da Moulding suka girma. Ta ce a lokacin ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci, yaran unguwa ne masu tara gashi da damun maƙwabta. Waƙa ɗaya ta iya tunawa, Making Plans for Nigel, ta rera min bakinta tana kaɗa cokali a jikin kofi.

Waƙar nan Moulding ne ya rubuta ta, ta kai lamba 17 a jerin waƙoƙin Birtaniya a 1979. Labarin iyaye ne da suka gama tsara wa ɗansu rayuwa a kamfanin ƙarafa na British Steel ba tare da sun tambaye shi ba, suna ta cewa ai yana farin ciki. Yaron bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe. Abin ya taɓa kamfanin har ya nemo ma'aikatansa masu suna Nigel su bayyana cewa suna jin daɗin aikinsu. Ba a daɗe ba aka shiga sallamar ma'aikatan ƙarafa dubu-dubu. Wanda ya tashi a garin da kamfani ɗaya ke ciyar da kowa shi zai iya rubuta irin wannan waƙa, shi ya sa na fara yawona daga ma'aikatar jirgin ƙasa.

Kafin 1840 Swindon ƙaramin gari ne na kasuwa a kan tudu. Isambard Kingdom Brunel da Daniel Gooch ne suka zaɓi filin da ke ƙasan tudun don gina ma'aikatar ƙera kawunan jirgi ta Great Western Railway, aka buɗe ta a 1843. A lokacin da take ganiyarta mutum kusan 14,000 ke aiki a ciki. A nan aka ƙera Evening Star a 1960, kan jirgi mai tururi na ƙarshe da hukumar jiragen ƙasan Birtaniya ta yi. An rufe ta a 1986. Yanzu wani ɓangare ya zama kasuwar tufafi da takalma, wani kuma gidan tarihi mai suna STEAM. Na biya kuɗin shiga, fam goma da wani abu, na faɗa hannun wani tsoho mai aikin sa kai, wanda ya ce shi maƙerin tukunyar jirgi ne a da. Sai na ɗaga murya yake ji, ya ce duk abokan aikinsa haka suke, ƙarar guduma ta cinye musu kunne. Ya kai ni ƙarƙashin wani kan jirgi da ake kira Caerphilly Castle, ta wani rami da aka yi don mutum ya bi ya ga cikinsa. Ina tsaye a ƙasa, ƙafafun ƙarfe sun fi ni tsawo, ƙamshin tsohon mai yana nan bai gushe ba. Ya nuna min kawunan ƙusoshin da aka dasa da hannu, layi-layi, ba wanda ya kauce. Ya ce jiniyar ma'aikata ita ce agogon gari, idan ta busa har ƙauyuka ake ji.

Na tambaye shi ko ya san faifan XTC mai suna The Big Express na 1984. Ya ce ya san yaran, bai san faifan ba. Na nuna masa hoton bangonsa a waya: ƙafar jirgi ce, kuma bugun farko a zagaye aka yanka kwalin kamar ƙafar. A ciki mawaƙan sun sa kayan ma'aikatan jirgi. Sun yi faifan ne shekara biyu kafin a rufe ma'aikatar, ƙarfe da tururi sun cika shi, waƙar ƙarshe ma da numfashi da ganga suka kwaikwayi tashin jirgi. Tsohon ya daɗe yana kallon hoton, ya ce in rubuta masa sunan a takarda, jikarsa za ta nemo masa.

Daga nan na bi ta wata doguwar hanyar ƙarƙashin layin dogo, wadda ma'aikata ke bi a da, na fito unguwar da kamfanin ya gina musu. Gidajen dutse ne kusan ɗari uku a jere, titunan suna ɗauke da sunayen garuruwan da jirgin ke zuwa: Bristol, Exeter, Taunton, Oxford, Reading. Tun 1847 ma'aikatan suka kafa asusun magani da ake cire wa kowa kaɗan daga albashi, ya zo ya mallaki asibiti da wurin wanka da likitocin haƙori, kuma mutanen Swindon na alfahari da cewa daga nan aka ɗauki darasi lokacin kafa tsarin lafiya na ƙasa a 1948. A nan zuciyata ta koma Zariya. Kakana leburan reluwe ne, a kwatas ɗin da ke kusa da tasha aka haifi mahaifina. Jirgin da ya isa Kano a 1911 shi ya raya Sabon Gari, ya kawo Yarabawa da Inyamurai da Nufawa, ya kawo makarantu da kantuna, daga Zariya kuma layi ya rabu zuwa Gusau da Ƙauran Namoda. Mu ma muna da jiniya, muna da mutanen da ake kira da aikinsu har su mutu. Bambancin shi ne, a Swindon da aka so rushe gidajen a shekarun 1960 mutane suka tashi suka hana, hukumar gari ta saye su ta gyara, har yau akwai mazauna. Namu taragu suna kwance ciyawa ta fito ta tagoginsu, kuma ban san wani mawaƙi na zamaninmu da ya zauna ya yi wa reluwe faifai guda ba. Amma kada in yi musu yabon da ya wuce kima: babban ɗakin karatu da taron ma'aikata na Mechanics' Institute, wanda aka buɗe a 1855, yana tsakiyar unguwar a rufe da katako, bishiyoyi sun tsiro a rufinsa.

La'asar na yi ta a wani masallaci a unguwar Broadgreen, na ci shinkafa da kaza a wani shagon halal a titin Manchester Road kan fam takwas. Unguwar cike take da 'yan Goa na Indiya da 'yan Bangaladash da Somaliyawa. Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe tara, don haka ina da sauran lokaci, na taka zuwa abin da ya fi komai suna a garin.

Magic Roundabout suke ce masa, kusa da filin ƙwallon Swindon Town. An gina shi a 1972, bisa tsarin wani injiniya mai suna Frank Blackmore. Ƙananan shataletale biyar ne aka jera a kewayen babba guda. A kan ƙananan mota na juyawa yadda aka saba a Ingila, a da'irar ciki kuwa juyawa take yi ta ɗaya hannun. Na tsaya a gefen titi na kusa rabin sa'a. Motoci na shigowa ta hanya biyar, wasu na bin waje, wasu na ratsa ciki, ba fitilar hanya, ba ɗan sanda, ba wanda ya danna hon. Na sa abin sauraro a kunne na kunna English Roundabout, waƙar Moulding ta cikin faifansu English Settlement. Bugu biyar-biyar ake ƙirga ta maimakon huɗun da kunne ya saba, jitar tana zagayawa tana dawowa inda ta fara. A ɗakina na Kano na daɗe ina jin waƙar a matsayin gwaninta kawai. A bakin titin nan na ji ashe hoton wuri ce.

Washegari na nufi dokin da ke bangon wannan faifai. Yana kan tudun Uffington, mil goma sha biyu ko makamancin haka gabas da Swindon, a cikin yankin Oxfordshire. A 2024 bas a cikin gari fam biyu ne ko ina za ka, amma babu mai kai ka gindin tudun, dole na ɗauki tasi. Direban ɗan Goa ne, ya ce a kamfanin motoci na Honda yake aiki kafin a rufe shi a 2021. Muka daidaita kan fam saba'in, ya kai ni, ya jira, ya dawo da ni. Wannan shi ne kuɗi mafi zafi da na kashe a tafiyar. Hanyar siririya ce tsakanin shingayen ganye, idan mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya.

Daga wurin ajiye motoci na hau da ƙafa ta cikin garken tumaki. Iskar saman tudun ta kusa cire min hula, hawan kuma ya sa na tsaya hutawa fiye da yadda na zata. Da na isa sai na rasa dokin. Abin da ke gabana farare ne kawai na layuka masu lanƙwasa a cikin ciyawa, domin tsawonsa mita 110 ne, kuma daga nesa ko daga sama aka yi shi a gani. Na tsuguna a bayan igiyar da aka kewaye shi da ita. Ba fenti ba ne: ramuka ne aka haƙa aka cika da dakakken alli, kuma binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna ya kai kimanin shekara dubu uku. Ciyawa na cin gefensa kullum. Da za a bar shi shekaru kaɗan da ya ɓace, amma tun zamanin da mutanen ƙauyukan ke taruwa su kankare shi, yanzu kuma masu aikin sa kai ke zuwa da guduma da bokitin alli ƙarƙashin kulawar National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. Na ɗauki ɗan gutsuren alli a kan hanya, ya murƙushe a yatsuna, ya bar fari a wandona.

A kan tudun nan na zauna na bi labarin shekarar 1982, shekarar da komai ya juya. English Settlement ya kai lamba 5, waƙar Senses Working Overtime ta kai lamba 10, ƙofar Amurka na buɗewa. Amma Partridge ya gaji da shekaru biyar na yawon wasa ba hutu ba kuɗi. Tun yana ɗan makaranta likita ya ɗora shi kan ƙwayar Valium, matarsa ta zubar da ita a 1981, ya daina sha farat ɗaya, jikinsa ya rikice. A watan Maris yana tsakiyar waƙar farko a Paris ya ajiye jita ya fice daga dandamali. A Afrilu suka yi wasa ɗaya a San Diego, na Los Angeles da aka sayar da tikitinsa kaf aka soke. Daga nan XTC ba ta sake yawon wasa ba. Bashin soke wasannin ya hau kansu, shari'a da manajansu ta ci shekaru, Chambers ya tattara ya koma Ostiraliya. Sauran ukun, Partridge da Moulding da mai jita Dave Gregory, suka dawo Swindon suka zauna.

Mutane da yawa na cewa nan suka yi asara. Ni a ganina nan suka sami kansu. Da suka daina tunanin yadda waƙa za ta yi a gaban taro, sai suka mayar da situdiyo kayan kiɗa. A 1985 suka ɓoye sunansu suka fito a matsayin The Dukes of Stratosphear, suna kwaikwayon salon shekarun 1960, faifan ya fi nasu na gaskiya sayuwa. A 1986 kamfanin fayafayai na Virgin ya tura su Amurka wurin furodusa Todd Rundgren, suka yi Skylarking cikin rigima tsakaninsa da Partridge, amma ya fito a jere kamar yini guda daga asuba zuwa dare, waƙa na shiga cikin waƙa da kukan ƙwari da tsuntsaye. A Birtaniya lamba 90 ya tsaya. Gidajen rediyon jami'o'in Amurka ne suka cece su, ta hanyar wata waƙa, Dear God, wadda da farko ba ta ma cikin faifan. Waƙar musun samuwar Ubangiji ce. Ni Musulmi ne, ban yarda da ko kalma ɗaya a cikinta ba, kuma tsallake ta nake yi. Yana min ciwo cewa da ita aka fi sanin su a can, alhali suna da waƙoƙi a kan gona da damina da talaucin magidanci da suka fi ta komai. Ɗaya daga ciki ita ce ta rufe Oranges & Lemons na 1989, inda Partridge ke cewa tuddan alli da 'ya'yansa ne ke riƙe ƙafarsa a ƙasa duk lokacin da ɗaukaka ta so ɗaga shi. Tuddan da nake zaune a kai yake nufi.

Direba ya sauke ni a Old Town, tsohon garin da ke kan tudu. An ce Partridge na nan a wannan yanki har yanzu, yana aiki a wata 'yar rumfa a bayan gidansa. Ban nemi gidan ba. Mutumin da ya bar dandamali don ya sami natsuwa bai kamata baƙo daga Kano ya buga masa ƙofa ba. Na wuce ta gaban Swindon Arts Centre, ƙaramin zaure mai kujeru kamar ɗari biyu, inda Moulding da Chambers suka yi 'yan wasanni a 2018 da sunan TC&I, bayan Chambers ya dawo gida.

A wani shagon tsofaffin fayafayai na sami mutum na farko da ya san XTC ciki da bai. Ya ce baƙin da ke zuwa nemansu yawanci Amurkawa ne da Japanawa, ni ne ɗan Najeriya na farko da ya gani. Muka yi ta hira a kan yajin aikinsu. Bayan Nonsuch na 1992 suka ga sun shekara goma sha biyar suna yi wa Virgin fayafayai ba su ga riba ba, har akwai lokacin da Moulding da Gregory ke aikin ɗauko motocin haya don ciyar da gida. Suka ƙi shiga situdiyo har kamfanin ya sake su, abin ya ci wajen shekara biyar. Da suka fito suka yi Apple Venus a 1999, suka ɗauki makaɗa arba'in na yini ɗaya tak a situdiyon Abbey Road saboda iya abin da aljihu ya ba su ke nan. Gregory ya fita ana cikin aikin. Wasp Star ya biyo baya a 2000, zuwa 2006 Partridge da Moulding suka raba gari. Mai shagon ya lissafa min ƙungiyoyin mawaƙan da suka sha daga rijiyarsu: Blur, waɗanda har suka ɗauki Partridge ya fara haɗa musu faifai a 1992 kafin aikin ya watse, da Franz Ferdinand da The Futureheads da Maxïmo Park. Ya ce tun 2013 Steven Wilson ke sake haɗa sautin fayafayansu ɗaya bayan ɗaya, Chambers kuma yana yawo da wata ƙungiya mai suna EXTC yana buga tsofaffin waƙoƙin, har da waɗanda ba a taɓa bugawa a gaban jama'a ba.

Na sayi English Settlement mai faifai biyu kan fam ashirin da biyar. Dokin a kan koren kwalin a tashe yake, ana jin sa da yatsa. Mai shagon ya sa min kwali biyu a gefe da gefe don kada ya karye a jirgi, ya ƙi karɓar kuɗin jaka. Komawa Landan bas na hau daga tashar Swindon zuwa Victoria, ya fi jirgi jinkiri amma kuɗinsa bai kai rabi ba, muka maƙale a cunkoson babbar hanyar M4 har na yi Magariba a kujera. Ƙanina ya tare ni a tasha ya karɓi jakar, ya ce sai na ba shi labarin shataletalen tun daga farko, domin a wata mai zuwa zai yi jarrabawar tuƙi.